Ruwan Lagun na Legas da Ƙwayoyin Gansakukar Cikinsa: Tambayoyi da Amsoshi

Masu kiwon kifi a Ikorodu da Epe, da masu lambu a wajen Ojo, da ɗalibanmu 'yan Arewa da ke karatun kimiyyar ruwa a Akoka, kusan tambayoyinsu iri ɗaya ne idan launin ruwa ya canza. An tattara su a nan tare da amsoshinsu.

Mene ne faitofilanton? Shi ne gansakukar da muka sani?

Danginta ne, amma ba ita ba ce. Gansakukar da kowa ya sani ita ce mai santsi da ke maƙale wa dutse ko gindin randa, wadda za ka iya yagowa da hannu. Faitofilanton ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi da ke yawo a cikin ruwan kansa, duk inda ruwa ya yi nan suke yi. Galibinsu girmansu bai wuce maikuron 2 zuwa 200 ba, kuma maikuron 1,000 ne ke yin milimita ɗaya. Ido ba ya ganin ɗaya ɗaya sai da madubin ƙara girma, amma idan suka yi yawa launinsu kan rina ruwan.

Rayuwarsu irin ta tsiro ce. Suna amfani da hasken rana da sinadaran taki da ke narke a ruwa su haɗa abinci, su saki iskar oksijin. Kusan rabin irin wannan aiki da ake yi a duniya baki ɗaya su ke yin sa. A lagun, wato tafkin da ke haɗe da teku, su ne tushen abinci: ƙananan ƙwarin ruwa su ci su, 'ya'yan kifi da jatan lande su ci ƙwarin. Kifin bonga da karfasar ruwan zartsi da kawa ma kai tsaye suke tace su daga ruwa.

Me ya raba lagun da madatsar Tiga ko Tafkin Chadi?

Zartsi. Ruwan Tiga ruwan daɗi ne rani da damina. Lagun na Legas kuwa baki biyu gare shi. Ta arewa kogin Ogun da ƙoramu irin su Majidun da Agboyi da Ogudu suna zubo masa ruwan daɗi, ta kudu kuma teku na turo ruwan gishiri ta mashigin tashar jiragen ruwa, tana cikowa sau biyu tana janyewa sau biyu a kowace rana. Tsawonsa ya haura kilomita 50, amma ba shi da zurfi. Yawancinsa bai wuce mita 2 ba, in ban da hanyoyin da aka yashe wa jirage da ramukan masu haƙar yashi.

Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Da tsakiyar damina, gishirin yawancin lagun kan sauka kusa da sifili, har mutum ya rantse kogi ne. Daga Janairu zuwa Maris kuwa, a kusa da mashigin teku yakan kai wajen giram 30. Lagun na Lekki, da ke gabas kuma kogin Osun ke ciyar da shi, ya fi zama ruwan daɗi duk shekara, saboda gishirin teku ba ya isa can da ƙarfi. Ruwan Ologe da na Badagry da na Kuramo kowanne da nasa hali. Don haka idan wani ya ce maka "ruwan Legas kaza yake", tambaye shi wane waje, wane wata.

Waɗanne iri ake samu, kuma yaushe?

Dangin da ya fi rinjaye su ne dayatom, masu ɓawo na gilas mai zane. Da rani, idan gishiri ya hau, sai na teku su shigo: Coscinodiscus mai kama da faifai, Chaetoceros mai gashi, Skeletonema mai jeruwa kamar carbi. Tare da su akan ga 'yan tsirarun masu bulala irin su Ceratium. Da damina ta kankama, sai waɗannan su ɓace, na ruwan daɗi su karɓi fili: Aulacoseira da kogi ke korowa, da korayen nan Pediastrum da Scenedesmus da Closterium.

Akwai dangi biyu da ake sa wa ido musamman. Na farko masu launin shuɗi-kore, irin su Microcystis da Oscillatoria da Anabaena, waɗanda a haƙiƙa ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da haske. Na biyu dangin Euglena da Phacus da Trachelomonas, masu son ruwan da kashi da ruɓaɓɓen abu suka yi wa yawa. Ganin ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Idan suka cika madubi a bakin wata magudana, to magana ta fito.

Idan yawan iri ya ragu, ruwan ya gurɓace ke nan?

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, har a rahotannin ɗalibai na kammala digiri. A tafkin ruwan daɗi, raguwar iri alama ce mai ƙarfi ta gurɓata. A lagun kuwa gishiri kaɗai na iya share rabin irin da ke wurin, ruwan kuma tas yake. Ƙwayar ruwan daɗi idan ta faɗa cikin gishiri sai ruwan jikinta ya tsotse ta yanƙwane, ta teku kuma idan ta faɗa ruwan daɗi sai ta kumbura ta fashe. A makonnin da ake miƙa wa juna hannu tsakanin damina da rani, waɗancan sun mutu, waɗannan ba su kafu ba, lissafi kan faɗi ƙasa. Wanda ya ɗebo ruwa a Yuli a Ikorodu, ya ɗebo wani a Fabrairu a Iddo, ya kwatanta su ya ce wannan ya fi wancan tsabta, bai kwatanta komai ba.

Sannan ba ƙidayar sunaye kawai ake dubawa ba, ana duba yadda aka raba gado. Ɗauki kwalba biyu, kowace da ƙwaya 1,000 da iri 10. A ta farko kowane iri na da 100. A ta biyu iri ɗaya ya kwashe 910, sauran tara kowanne 10. Sunaye goma ne a duka biyun, amma ma'aunin Shannon, wato lissafin da ke haɗa yawan iri da yadda suka raba adadi, zai ba ta farko 2.3, ya ba ta biyu 0.5. Ta biyun ita ce hoton ruwan da taki ya yi wa yawa: iri ɗaya mai haɗama ya danne kowa.

Hanyar da ta fi tsira daga kuskure ita ce a kwatanta wurare biyu masu gishiri kusan ɗaya, a rana ɗaya, a lokacin cikowa ko janyewa iri ɗaya, ɗaya kusa da magudana ɗaya nesa da ita. Ko kuma a tsaya wuri ɗaya ana ɗiba kowane wata har shekara ta zagayo, a ajiye ma'aunin gishiri a gefen kowace ƙidaya. Lissafin Shannon da ba a rubuta gishiri kusa da shi ba, a lagun, ado ne kawai.

Daga ina abin da ke ciyar da su yake shigowa?

Abin da suke buƙata shi ne naitirojin da fosfaras, wato abin da ke cikin buhun takin zamani, su dayatom kuma su ƙara da silika don ɓawonsu. A jikinsu, rabon da aka saba gani shi ne ƙwayar naitirojin 16 ga fosfaras 1, lissafin da masanin teku Redfield ya fitar. Birni mai mutane miliyoyi yana samar da waɗannan fiye da kima: ruwan masai da ba a tace ba, sokawe mai yoyo, ruwan wanki da sabulu, jini da tumbi daga mayanka, ragowar gwari daga kasuwanni, ruwan masana'antu, da takin gonaki da kogin Ogun ke kwasowa daga can sama. A gefen Ebute Metta, garin katakon masu yankan gungume na Okobaba ya daɗe yana taruwa a bakin ruwa, yana ruɓewa yana cin oksijin.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: ruwan masai na ƙara naitirojin da fosfaras, amma ba ya ƙara silika. Shi ya sa a lungunan da ruwa ke tsaye, sannu a hankali dayatom, waɗanda su ne abinci mai kyau ga kifi, kan ja baya, masu shuɗi-kore su gaje wurin.

Tunda oksijin suke saki, me ya sa kifi ke mutuwa idan sun yi yawa?

Saboda da rana kawai suke saki. Da dare su ma shaƙa suke yi, tare da kifi da bakteriya da lakar ƙasa. Ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iska da yawa: a zafin digiri 30, ruwan daɗi na ƙoshi da kusan miligiram 7.5 a lita, ruwan teku kusan 6.2. Ruwan da ya yi kore shar na iya wuce wannan ƙoshin da la'asar, amma kafin kiran assalatu ya zube ƙasa da 2. Yawancin kifi sun fi walwala daga 5 zuwa sama. Ƙasa da 2 za ka ga karfasa ta taso tana hamma a saman ruwa. Tarwaɗa ta fi juriya don tana iya haɗiyar iska daga sama, kuma wannan juriyar ce kan ruɗi mai kiwo ya ɗauka ruwansa lafiya yake.

Mutuwar kifi da yawa a lokaci ɗaya ta fi zuwa ta hanya uku. Ko dai a yi kwana biyu ko uku ana hadari ba rana, sakin oksijin ya ragu amma shaƙa tana nan. Ko ƙwayoyin su cinye takin su mutu tare, bakteriya su hau ruɓar da su. Ko ruwan sama na farko ya wanko dattin da ya taru a magudanu tun rani, ya kuma motsa baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan warin iskar salfa ce, kuma ruwan zartsi ya fi ruwan daɗi samar da ita.

Akwai kuma haɗarin la'asar. Idan ƙwayoyin suna aiki da ƙarfi, ma'aunin pH, mai nuna tsami ko kanwar ruwa, kan hau har 9. A pH 7, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na amoniya ne ke cikin siffar da ke cutar da kifi. A pH 9 da zafin digiri 30, ya kusa rabi. Don haka wanda ya auna ruwansa da hantsi kawai ya kuskure wa lokutan haɗari biyun. A auna da asuba, a sake aunawa wajen ƙarfe 4 na yamma.

Ba ni da kayan ɗakin gwaji. Me zan iya yi da kaina?

Abu biyu, kuma ba sa cin kuɗi.

Na farko faifan Secchi. A yanko faranti mai faɗin santimita 20, a raba shi huɗu, a shafa fenti fari da baƙi bi da bi, a ɗaura masa nauyi a ƙasa, a sa igiya mai ƙulli kowane santimita 10. Tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a gefen inuwar kwalekwale, a sauke shi har ya ɓace, a rubuta. A jawo shi har ya sake bayyana, a rubuta. A ɗauki tsaka-tsaki. Hasken da zai ishi ƙwayoyin nan yana kaiwa kusan ninki biyu zuwa biyu da rabi na wannan zurfin. A tafkin kiwo, santimita 30 zuwa 45 daidai ne, ƙasa da 20 kuma kore ya yi yawa, a rage abinci a canza wani kaso na ruwan. Amma a lagun da damina, abin da ke ɓoye faifan laka ce, ba gansakuka ba, don haka a rubuta launin ruwan tare da lambar.

Na biyu gwajin kwalba. A cika kwalba mai haske kusan kashi uku cikin huɗu da ruwan da ake zargi, a ajiye ta a wuri mai sanyi ba a taɓa ta ba har gari ya waye. Idan koren ya kwanta a gindi, galibi koraye ne marasa illa. Idan ya taso ya yi zobe a sama kamar an zuba fenti, masu shuɗi-kore ne, saboda suna da 'yan jakunkunan iska da ke ɗaga su. Gwajin ba ya cewa akwai guba, yana cewa a yi hattara.

Yaya ake ɗebo samfurin da za a kai ɗakin gwaji?

Ya danganta da tambayar. Idan sunayen iri ake so, ana jan raga mai siffar mazurari a bayan kwalekwale, a hankali, na minti 5. Idan aka yi gudu, ruwa ya riƙa tokarewa a bakin ragar yana kaucewa, masu laushi kuma su farfashe. An saba amfani da raga mai ido maikuron 55, amma duk abin da ya fi haka ƙanƙanta ficewa yake yi. Mai ido 20 ta fi kamawa, sai dai tana saurin toshewa a ruwan laka.

Idan adadi ake so, raga ba ta da amfani, don ba a san ruwa nawa ya ratsa ta ba. Kwalba ake cikawa, lita ɗaya ko rabi, kusan rabin mita ƙasa da saman ruwa, bayan an ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin. Nan take a ɗiga ruwan Lugol, kusan mililita 1 ga kowace 100, har ya yi launin shayi marar kauri. Ana haɗa shi da giram 100 na fotasiyam ayodaid, giram 50 na aidin, da mililita 100 na tsantsar asid ɗin asetik a lita ɗaya ta tataccen ruwa. Yana kashe ƙwayoyin, ya ƙara musu nauyi su kwanta. A ajiye a duhu, don haske na cinye aidin; idan launin ya kwashe a ƙara ɗigo. Wasu na amfani da fomalin kashi 4 cikin 100. Ya fi daɗewa, amma yana lalata siffar masu bulala, kuma tururinsa na cutar da huhu da ido.

A jikin kwalbar a rubuta wuri, rana, ƙarfe nawa, teku na cikowa ne ko janyewa, gishiri, zafi, da ko an yi ruwan sama jiya. Da fensir a kan takarda ya fi, tawada narkewa take yi a cikin kula. Samfurin oksijin kuwa, in da hanyar Winkler ta auna shi da sinadarai za a bi, a cikin kwalekwalen ake ɗaure shi da sinadaransa biyu, kwalbar a cike ba ko kumfa ɗaya. Wanda ya bari sai ya fita daga cunkoson gadar Third Mainland ya isa ɗakin gwaji, oksijin ɗin kwalba zai auna, ba na lagun ba.

Ƙidayar fa?

A bar samfurin ya kwanta. A hanyar Utermöhl, inda ake ƙirga abin da ya kwanta a gindin silinda da madubi mai kallo daga ƙasa, silinda mai mililita 50 na buƙatar kwana ɗaya, mai 100 kwana biyu. Inda babu madubi mai kallo daga ƙasa, sai a zuƙe ruwan sama a hankali da siririn tiyo, a girgiza abin da ya rage, a zuba mililita 1 a farantin Sedgwick-Rafter mai gida 1,000. Misali, an rage lita ɗaya ta koma mililita 50, an ƙirga gida 100 an sami ƙwaya 240. Wato 2,400 a farantin duka, a ninka sau 50, ya zama 120,000 a lita. A yi ƙoƙari a ƙirga aƙalla ƙwaya 400, don kuskuren ya tsaya wajen kashi 10 cikin 100. Kuma tun farko a yanke shawara: curin Microcystis ɗaya za a ƙirga shi ɗaya ne, ko ƙwayoyin cikinsa? Rahotanni biyu kan saɓa ninki ɗari a kan wannan kaɗai.

Ba a iya auna kilorofil, koren sinadarin da ke jikinsu, kawai a huta?

Ana iya, kuma ya fi sauri. A tace ruwa a takardar zaren gilas, a jiƙa ta a asiton kashi 90 cikin 100 a duhu da sanyi har kwana ɗaya, a karanta a na'ura. Zai gaya maka yawansu, ba zai gaya maka ko su wane ne ba. Dayatom masu ƙosar da kifi da Microcystis mai guba na iya ba da lamba ɗaya.

Gubar da ake faɗa, tafasa ruwa na kashe ta?

A'a. Gubar maikurosistin da wasu irin Microcystis ke yi tana taɓa hanta, kuma tafasa ba ta rusa ta. Fasa ƙwayoyin ma take yi gubar ta fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 1 a lita ga ruwan sha na yau da kullum. Ba kowane kore ke da guba ba, ido kuma ba ya bambancewa. Ruwan da ya yi kumfa kore kamar fenti kada a sha, kada a yi alwala da shi tunda akwai kurkurar baki da shaƙa hanci, kada a bar yara su yi iyo. Masu shanu da raguna su kula sosai, don iska na tara kumfan a bakin gaɓa, daidai inda dabba ke sa baki. Kifin da aka kama a wurin a cire kayan cikinsa a zubar, a wanke naman da ruwa mai tsabta. Wanda aka tsinta a mace a bar shi.

Masu lambu kuma gishiri ne babban abin tsoronsu da rani. Ruwan ƙorama da ya yi wa latas da alayyafo daidai a Oktoba na iya ƙona su a Fabrairu. Ƙaramar na'urar auna gishiri ta aljihu ta isa, kuma a ja ruwa lokacin da teku ta janye.

Kainuwar da ke toshe hanyar jiragen Ikorodu tana da alaƙa da wannan?

Tana da ita. Wannan mai shuɗin fure ta shigo ruwan Legas a 1984 ta wajen Badagry daga Jamhuriyar Benin. Taki ɗaya suke ci da ƙwayoyin gansakuka, kuma inda ta shimfiɗu tana tare haske, ƙarƙashinta ya zama duhu marar oksijin. Ba ta jure gishiri, shi ya sa take cika ruwa a ƙarshen damina, ta mutu idan rani ya shiga. Amma mutuwar ba hutu ba ce: ruɓewa take yi a wurin, ta ci oksijin, ta mayar da takin cikin ruwa. Kwasheta a fitar tudu ya fi sare ta a bar ta.

Haƙar yashi fa?

Tana tayar da laka ta rage haske, tana kuma barin ramuka masu zurfi inda ruwan gishiri mai nauyi ke kwantawa ba ya gauraya da na sama. Ƙasan irin wannan rami kan rasa oksijin. Mai kejin kifi ya nisanci wurin.

Na ga kifi sun mutu da yawa, ko ruwa ya canza launi. Ina zan kai magana?

Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ita ke da hurumin gurɓatar ruwa. Don gano iri, akwai cibiyar binciken teku ta NIOMR a Victoria Island da sashen kimiyyar teku na Jami'ar Legas a Akoka. Kafin kowa ya iso, a ɗauki hoto, a rubuta lokaci, a cika kwalba biyu masu tsabta, ɗaya daga tsakiyar launin ɗaya daga inda ruwa yake yadda aka saba, a sa su cikin kula da ƙanƙara, a rufe daga haske. Kada a daskarar da su a firiza, ƙwayoyin fashewa suke yi. A kai su a ranar, don janyewar teku ɗaya na iya kwashe launin gaba ɗaya kafin magariba.